Wace kala zan yi wa kalifan birkin Challenger ɗina? Dan Allah a ba ni shawara

Mai_Koriya:
Salamu alaikum jama'ar gareji. Shawara nake nema, kuma tun kafin a fara, masu cewa in sayar da motar in sayi Corolla na ji na gode Allah ya saka. Motar Dodge Challenger ce Scat Pack ta 2019, wadda na sa hotonta a nan lokacin ƙaramar salla, koriyar nan mai duhu da suke ce wa F8 Green, rim baƙi inci 20. Kalifan, wato ƙarfen da ke matse faifan birki a cikin taya, na kamfanin Brembo ne masu fistin huɗu, baƙaƙe suka zo, to na gaban sun fara ɓarewa kamar maciji na saɓa, inaga wanda ya riƙe motar kafin ni ya zubar da man birki a kai bai wanke ba. Na samu wani shago nan Hustan ta jihar Tekzas a Amurka da ke yin fentin hoda, fauda kot ɗin nan da ake gasawa, sunce dala 600 duka huɗun har da kwancewa da sababbin robobi. Matsalata kala ce kawai. Sati biyu kenan ina kallon hotuna a waya har madam ta fara tambaya wai wa nake kallo haka da daddare. Ja? Rawaya? Ruwan lemo? Ko in maida baƙin in huta?

Ɗan_Apo:
Ja mana oga, wannan ma har tambaya ce? Brembo ai da ja aka san shi. Duk Charger da Challenger da ke shigowa garejinmu masu su ja suke cewa a yi musu

Sarkin_Zolaya:
Kore a waje ja a ciki. Kankana kenan 😂 Allah ya sa mai zaƙi ce

Ɗan_Apo:
Kai dai ba ka da aiki wlh

Sarkin_Zolaya:
To in ba kankana ba bishiyar kirsimeti, zaɓi ɗaya. Shi da ke zaune a Amurka ma, Disamba na yi yara za su fara rataya masa fitilu a madubi

Mai_Koriya:
Gsky abin da ya hana ni jan kenan, wani maƙocina Bature ya faɗi irin wannan maganar tun kafin ma in yi

Ɗan_Fagge:
Ni rawaya zan ce kuma ina da hujja. Duba tambarin Scat Pack da ke jikin motarka, ƙudan zuma ne mai tayoyi, rawaya da baƙi. Tun a 1968 Dodge suka fara amfani da zumar nan. Kaga in kalifa ya zama rawaya ya ɗauko tambarin, ba wai daga sama ka tsinto kalar ba

Sarkin_Zolaya:
Kore da rawaya. Sai masu gida! Saura ka liƙa Kano Pillars a gilashin baya

Ɗan_Fagge:
To laifi ne? Ai alfahari ne

Sarkin_Zolaya:
Ko kuma a ce adaidaita sahu huɗu ne suka maƙale masa a cikin taya

Bakaniken_Ƙofar_Ruwa:
Tukuna dai, ni ku fahimtar da ni. Menene bambancin wannan hodar da fentin gwangwani da muke fesawa? Mu nan goge shi muke da burushin waya a wanke a fesa, awa ɗaya mai mota ya tafi. Dala 600 fa kace, ka san nawa ne a naira kuwa

Injiniya_Ohayo:
Wa alaikumus salam. Malam bakanike tambayarka ita ce ta fi kalar muhimmanci, bari in ɗan tsaya a kai don na yi shekaru a masana'antar da ake wannan aikin kafin in koma wani ɓangare.

Hodar nan busasshen gari ne, ba ruwa ba tina a cikinta. Bindigar feshin tana ba garin cajin lantarki, shi kuma ƙarfen an jona masa waya ta ƙasa, sai garin ya manne a jiki kamar yadda ƙura ke manne wa fuskar tsohuwar talabijin. Daga nan a sa a obin, wajen digiri 180 zuwa 200, nan Amurka za ka ji suna cewa 400 saboda nasu ma'aunin daban ne, minti goma zuwa ashirin bayan shi ƙarfen kansa ya kai wannan zafin, ba daga lokacin da aka rufe ƙofa ba, kuma nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki don kalifa abu ne mai kauri yana daɗewa bai ɗau zafi ba. Garin sai ya narke ya haɗe ya zama fata guda. Ya fi fentin gwangwani kauri da jure dutse da gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, mu nan Ohayo a jihohin arewa na Amurka gishirin nan shi ne babban maƙiyinmu, shi Mai_Koriya a Tekzas bai san wannan wahalar ba.

To tunda wuta za a shiga dole a kwance komai. Fistin, robar da ke riƙe mai, robar ƙura, nonon fitar da iska, duka waje. Kuɗin da kaji ba na hodar bane, hodar da kalifa huɗu za su ci kaɗan ce, kuɗin na kwancewa ne da wankewa da rufe inda bai kamata hoda ta taɓa ba.

Bakaniken_Ƙofar_Ruwa:
Ah to yanzu na gane. Wato gasa shi ake kamar gurasa

Injiniya_Ohayo:
Kamar gurasa. Amma kar wani ya ji haka ya je ya sa a obin ɗin girkin gida, obin da aka gasa hoda a ciki ya tashi daga na abinci har abada

Mai_Koriya:
Baba Injiniya da na yi haka ai da ni da kalifan tare za mu kwana a gareji

Abu_Hanifa:
Ni dai tunatarwa ce. Ana fama da tsadar rayuwa mutane na neman na abinci mu kuma muna muhawara a kan kalar ƙarfen da ke ɓoye cikin taya. A ji tsoron almubazzaranci

Admin:
Malam mun gode da tunatarwa Allah ya ba da lada. Amma gurup ɗin motoci ne, kuma bawan Allah yace fentin ya ɓare ne zai gyara, robobin ma shekarunsu sun ja. A ci gaba

Ɗan_Maraɗi:
Ina wuninku. Ni ruwan lemo ni ka gani. Ba don tutarmu ba ko da yake kore da ruwan lemo ai ku kun san wa ya fi kowa iya haɗa su 😄 Injin Hemi na da, 426 ɗin nan, da ruwan lemo anka shafe shi daga kamfani, har kalar ta samu suna Hemi Orange. Chevrolet ma nasu injin ruwan lemo ne, Ford shuɗi. To motar Dodge mai injin Hemi in ta sa wannan kalar a birki gadon gidansu ta ɗauko. Ja kowa na da shi, har mai Golf

Ɗan_Apo:
Mai Golf ai roba yake sawa, murfin nan na roba da aka rubuta Brembo a jiki ake liƙawa a kan kalifa. Rannan wata ta zo mana da shi har a tayar baya, muka leƙa ashe bayan ma ganga ce ba faifai ba

Sarkin_Zolaya:
Hula a kan wanda bai da kai

Tsohon_Direba:
Ku yara kuna ta gado gado. Motocin nan na asali, GTO ta 1964, Challenger ta 1970, wa ya taɓa ganin kalifansu? Da yawansu ma birkin ganga ne gaba da baya, faifai a gaba sai ka biya ƙari, rim inci 14 ko 15 ya rufe komai ruf. Ƙarfe ne tsirara yana tsatsarsa ba mai kallo. Jikin motar ne ake wa kala mai ihu, Plum Crazy, Sublime, Go Mango, har ruwan hoda sun yi. Wannan yayin na fenta birki daga motocin Turai ya zo da rim ya fara girma. Ni a ganina baƙi. Motar ta riga ta yi magana da kalarta da ƙarar injinta, birki ya yi shiru

Ɗan_Fagge:
Baba da girmanka amma baƙi cikin baƙin rim ai kamar ka biya dala 600 ne ka sayi duhu

Tsohon_Direba:
Duhun ai shi ne rufin asiri. Wata uku in ƙurar birki ta hau rawayarka za ka dawo ka ba ni labari

Injiniya_Ohayo:
Maganar Alhaji akwai gaskiya a ciki. Motar nan ta kusa tan biyu, doki 485, kuma fad ɗin da ke zuwa da irin waɗannan birkin, wato abin da ke goga faifai in an taka, yana zubar da baƙar ƙura sosai saboda akwai ƙarfe a haɗinsa. Fari da rawaya mai haske su suka fi tona asiri. Sannan zafi yana canza kala. Masu shiga filin tsere sun sani, jan kalifa in ya sha wuta sau da yawa komawa yake ruwan ƙasa kamar an soya shi, fari kuma ya koma kamar haƙorin mai cin goro. To tambaya Mai_Koriya, tuƙin gari kake ko kana kai ta fili?

Mai_Koriya:
Gari ne Baba, aiki da masallacin Juma'a da taron masu motoci na safiyar Asabar. Sau biyu na taɓa kai ta tseren miƙe ɗin nan na kwatan mil, shi kuma taka birki ɗaya ne a ƙarshe

Injiniya_Ohayo:
To ba ka da matsala, hoda ta ishe ka. Da mai zagaye fili ne da sai ince ya duba Cerakote, wani fenti mai siramik, shi siriri ne kuma ya fi jure wuta, sai dai ba ya ba da irin ƙyallin nan mai zurfi da kuke so

Ɗan_Zango_Bronks:
Ni abin da na ji shi ne wai gasawar na raunana alminiyon. Wani abokina yace kar a kuskura, kalifa zai iya tsagewa. Gaskiya ne ko labarin intanet ne

Injiniya_Ohayo:
An daɗe ana wannan gardamar. Zafin gasa hoda na ɗan lokaci ne kuma kalifa a bakin aikinsa in an matsa masa yana kusantar irin wannan zafin, shi yasa shaguna ke yi kullum. Abin da ni nake tsoro daban ne. Wasu wuraren in za su cire tsohon fenti suna jefa kaya a wani obin na ƙonewa mai zafi ninki biyu na wannan, an yi shi don baƙin ƙarfe, to alminiyon in ya shiga can ya yi laushi kuma ba za ka gani da ido ba. Ka tambaye su da me za su cire tsohon fentin. In sunce sinadari sannan feshin yashi mai laushi, madalla. In sunce ƙonawa, ɗauki kayanka ka yi gaba.

Tunda an zo nan bari in ƙarasa, ka je da waɗannan tambayoyin. Ramin fistin za a toshe shi, ko ɗigon hoda kar ya shiga. Duk ramin da ke da zare a toshe da toton silikon. Inda bututun mai ke zama da wosharsa ta tagulla a bar shi tsirara in ba haka ba zai riƙa tsatsafo. Sai wanda aka fi mantawa, fuskar kunnen da ake ɗaure kalifa a jikin mota, in hoda ta hau wurin za ka ɗaure noti tam yau, zafi ya zo hodar ta lotsa a ƙarƙashi, notin ya saki. Haka inda fad ke zamewa, kaurin hoda kaɗan ya isa ya sa fad ya maƙale. Sannan su fara gasa shi babu komai kafin feshi, don ƙarfen zubi yana da ƙananan ƙofofi da suka sha mai shekara da shekaru, in ba a fitar ba sai yana cikin obin ya riƙa huci, fentin ya fito da ƙuraje kamar fuskar ɗan sakandare

Sarkin_Zolaya:
Baba Injiniya yau kai ma ka shigo layinmu 😂

Bakaniken_Ƙofar_Ruwa:
In ƙara ɗaya daga namu ɓangaren, yashin nan da aka fesa in ya saura a hanyar mai ya gama da sabuwar roba. A busa iska a wanke a sake busawa. Kuma kar a wanke robar birki da fetur ko kananzir kumbura take, da man birki ake shafa ta a sa. Na sha ganin yara sun yi haka a gareji sai mota ta dawo birki ya riƙe

Injiniya_Ohayo:
Wannan haka yake, Allah ya yi albarka

Mai_Koriya:
Duk na kwafe wlh na gode. Amma jama'a har yanzu fa ba a ba ni kala ba, an ba ni kankana an ba ni Pillars an ba ni tutar Nijar an ba ni duhu

Ɗan_Zango_Bronks:
Haɗa ja da rawaya kan koren ka samu Gana gaba ɗaya

Mr_Turbo:
Ni shawara ta kar ka yi rawaya don a wajen Porsche rawaya na nufin birkin kabon siramik ne, ja na masu S, kore mai haske na masu haɗin lantarki. Wanda ya sani zai ga kamar kana ƙaryar abin da baka da shi

Ɗan_Fagge:
To shi Porsche yake ja? Dokar gidan wani ai ba ta hawa kan gidan wani. Dodge da kansu sun sayar da kalifa kala kala

Mr_Turbo:
Na dai faɗa

Hajiyar_Gareji:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ina dariya, maza goma sun taru an kasa zaɓen kala. Ƙanina bari in tambaye ka, in ka sayi koriyar shadda mai duhu ka kai wa tela, da wane zare kake cewa a yi maka aikin wuya? Ja? Ka taɓa ganin babban mutum da koriyar shadda da jan aiki? Ruwan gwal ake sawa ko ruwan tagulla ko ruwan ƙasa mai haske, abin da zai fito amma ba zai yi faɗa da yadin ba. Koren motarka ba koren ganye bane, na ga hoton, yana da ɗan ruwan ƙasa a cikinsa irin na kayan soja, in rana ta buga kuma yana ɗan ƙyalli. Irin wannan koren da tagulla suke tafiya. Kuma ga ƙarin riba, ƙurar birkin da Alhaji ke magana in ta hau tagulla duhu kawai za ta ƙara mata ba za ta zama datti ba kamar a kan rawaya.

Na biyu kuma, ka daina zaɓe a waya. Ko a Kantin Kwari ba wadda ke sayen atamfar anko a ƙarƙashin fitilar shago, fitowa ake da ita bakin ƙofa a gani a rana. Wayarka tana ƙara wa kala gishiri, wayar wanda ya ɗau hoton ma ta ƙara nata. Ka ce su ba ka guntayen ƙarfe da aka riga aka fesa, ka kai gindin motar

Sarkin_Zolaya:
Shikenan Hajiya ta zo an tashi kotu

Ɗan_Maraɗi:
Hajiya tagulla ai ƙanwar ruwan lemo ce, mu dai ba mu faɗi ba

Tsohon_Direba:
Wannan zan iya haƙura da ita. Ba ta ihu

Ɗan_Apo:
Ni har yanzu ja. Ranar da zai sayar da motar zai gane, mai saye ja ko baƙi yake nema, in ya ga wata kala daban sai ya fara tunanin me da me aka taɓa a motar

Mai_Koriya:
Oga ba na jin zan sayar, tun Disambar 2023 aka daina ƙera ta, wadda ke hannu ita ce a hannu

Injiniya_Ohayo:
Shawarar Hajiya ta guntayen ƙarfe ita ce daidai, shagon kirki suna da su a rataye, kamfanonin hoda irin Prismatic ma suna aikowa. Ka sa guntun a bayan rim ba a gabansa ba, don a inuwa kalifa ke zaune kuma duk kala in ta shiga bayan baƙin rim sai ta ƙara duhu. Abin da ka gani a hannu kace ya yi daidai, a ciki zai iya ɓacewa, to ka ɗauki wanda ya ɗan fi haske da mataki ɗaya. Ka duba da rana tsaka, ka duba da yamma, ka duba da dare a fitilar gidan mai.

Kuma ka rubuta suna da lambar hodar ka ajiye. Masu lambar RAL, tsarin lambobin kala na bai ɗaya, sun fi sauƙi, misali 3020 ja ne, 1023 rawaya, 2004 ruwan lemo, 9005 baƙi, ko ina ka je a duniya za a gane. Su tagulla yawanci sunan kamfani suke da shi, in bayan shekara biyu kalifa ɗaya ya lalace ka je kace a yi maka tagulla kawai, tagulla ta fi kala hamsin

Ɗan_Fagge:
Akwai wanda ake ce wa kandi fa, mai zurfin nan kamar alawa, na ga kandi tagulla a wata Camaro kamar ka lasa

Injiniya_Ohayo:
Yana da kyau amma hawa biyu ne, a fara sa mai ƙyallin azurfa a gasa sannan a sa kalar da ake hango ƙasa ta cikinta. Wahalarsa inda hoda ta yi kauri ya yi duhu inda ta yi siriri ya yi haske, kalifa kuma duk lungu ne da kwana, lungun ma hoda ba ta son shiga saboda cajin yana ture ta. In mai feshin bai ƙware ba kalifa huɗu za su fito kala huɗu. In dutse ya fasa kuma ba a iya ɗigawa a gyara. Ni da tagulla mai ƙyalli ta talakawa zan tsaya, a bi ta da kiliya, hawan nan mara kala mai sheƙi, a sama, don masu ƙyallin ƙarfe da yawa suna buƙatar kiliya, kuma ya fi sauƙin wankewa a kan wanda ba ya sheƙi

Mai_Koriya:
Rubutun Brembo fa? Zai tafi ai in an cire fenti

Ɗan_Apo:
Sitika ake sawa mai jure zafi, wasu kuma su fesa ta cikin tambari sannan a rufe da kiliya. Tunda naka na gaske ne ba kunya ka maida. Baƙin rubutu zai fi a kan tagullar taku, fari zai yi kamar alli

Hajiyar_Gareji:
Kaga har ka fara ba da shawara a kan tagullar 😄

Ɗan_Apo:
Hajiya an fi ƙarfina ne

Mai_Koriya:
To na dawo da rahoto. Jiya na je shagon da takardar Baba Injiniya a hannu kamar mai zuwa intabiyu, mutumin ya amsa duka har ya nuna min totunan silikon da koren tef ɗin da suke rufewa da shi, yace da sinadari suke cire fenti. Ya ba ni guntaye biyar, ja, rawaya, ruwan lemo, tagulla mai duhu da tagulla mai haske. Na jera su a bayan rim da yamma na kira madam. Ja dai gsky Sarkin_Zolaya Allah ya isa, tunda ka faɗi kankana ba na iya ganin komai sai kankana. Rawaya ta yi kyau fiye da yadda na zata, Ɗan_Fagge ba ka yi ƙarya ba, da zumar suna tafiya, sai dai tana janye ido daga motar gaba ɗaya, kafin ka ga mota ka ga birki. Tagulla mai duhun da na fi so a hannu tana shiga bayan rim ta ɓace kamar ba a sa komai ba. Saura ruwan lemo da tagulla mai haske, na tsaya ina ta jujjuyawa, madam tace mai hasken, ta juya ta koma ciki abinta, minti ɗaya bata yi ba

Ɗan_Maraɗi:
An yi mana maguɗi a zagaye na biyu

Hajiyar_Gareji:
A gaida min ita, tana da ido

Injiniya_Ohayo:
Madalla. Wajen maidawa a kula, na hagu da na dama ba ɗaya bane, nonon iska sama yake kallo, in ya kalli ƙasa ko kwana za a yi ana famfo iska ba za ta fita ba. Irin naka kowane kalifa nono biyu ne ciki da waje duka a buɗe su. Sabon man birki mai lamba DOT 4 daga rufaffiyar kwalba in shi littafin motarka ya yarda da shi, kar wani ya ruɗe ka da DOT 5 wai ba ya cin fenti, na silikon ne ba ya shiri da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki. Kuma man birki in ya ɗiga a kan sabuwar hodar a wanke da ruwa nan take, tana jurewa fiye da fenti amma in ya kwana zai bar tabo

Bakaniken_Ƙofar_Ruwa:
Mu nan da wani ya taɓa zuwa mana da ruwan omo a tankin birki, DOT nawa kenan Baba

Injiniya_Ohayo:
Wannan DOT inna lillahi ne

Mai_Koriya:
Alhamdulillah an gama, kwana shida motar na kan jak. Ga hotuna nan, na farko da rana na biyu a gidan mai da dare. Abu ɗaya ya faru, da muka haɗa feda ta yi laushi kamar burodi, muka yi ta famfo, ashe yaron da ya taya ni nonon waje kawai ya buɗe a na baya ya manta na ciki. Da aka fitar ta dawo tauri. Na yi kwana uku ina leƙa ƙasa ba ɗigo ko ɗaya

Tsohon_Direba:
Ma sha Allah. Ta yi. Ban so in faɗa ba amma ta yi

Ɗan_Fagge:
Ta yi kyau gsky, amma ka riƙe guntun rawayar nan kar ka yar

Sarkin_Zolaya:
Koriyar shadda da aikin tagulla, saura hula da turare, ango ya fito. Wai ni kalifan nan ma tun farko da naga taken na ɗauka Halifan Tijjaniyya za a yi wa fenti na shigo da gudu raba faɗa

Admin:
Sarki ka kiyaye ni

Ɗan_Apo:
Oga yanzu kuma baƙin rim ɗin ne ya fara yi min wani iri kusa da tagullar. Ba ka ganin shi ma a

Mai_Koriya:
Kar ka ƙarasa dan Allah, madam na cikin gurup ɗin nan tun shekaranjiya

Ɗan_Zango_Bronks:
Tunda an gama da shi, ni Mustang ce fara ta 2017, kalifan gaba manya na baya ƙanana masu fistin ɗaya na baƙin ƙarfe. In fenta duka ko na gaba kawai? Hajiya kina kusa?

Hajiyar_Gareji:
Turo hoton tukuna, a rana ba a gareji ba